Damina, Kayan Sana'a da Wayar Uwargida

Yau maganar damina za mu yi, musamman ga matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu 'yar tireda a zaure, ko shago a ƙofar gida da yaro ke tsare musu.

A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. Manyan 'yan kasuwa ke nan fa. To ina ga mai buhun sukari ɗaya, wanda da kuɗin adashe ta saye shi?

Ruwan Kano ya fi ƙarfi a Agusta, don haka tun ruwan farko ki roƙi maigida ya sa samari su yashe kwatar ƙofar gida. Ledar fiyawata ce ke toshe ta, kuma mu yarda, daga gidajenmu take fita. Kayan kuma a jera bulo a ɗora katako. Sukari, gishiri, fulawa da ashana su hau sama, jarkar manja da lemon kwalba su zauna ƙasa. Littafin bashi ki sa shi a bokiti mai murfi, don in ya jiƙe, masu mantuwa sun samu hanya.

Sai waya. Mace mai kulle wayarta ce kasuwarta, nan ake yi mata oda, nan kuɗi ke shigowa. In ta faɗa ruwa, 'yar uwa, kashe ta nan take, ki cire layi da memori. Kada ki kunna wai ki ga ko tana yi, kada ki sa ta caji, wutar ce ke haɗuwa da ruwan ta ƙona cikinta. Tusa ta cikin shinkafa kuwa ɓata lokaci ne, kamfanin Apple ma ya hana. Ruwan kwata ya fi na randa illa, dattinsa na cin wayar ko bayan ta bushe, saboda haka a kai ta Farm Centre ranar ko washegari, ga ta nan kusa da ku a Tarauni.

Wanda za ki aika ya fara jin kuɗin gyara kafin a taɓa ta. A ganina, in kuɗin ya kusa rabin na sabuwa, gara ki haƙura ki sake wata, wayar da ta sha ruwa takan sake tashi da matsala. Layi da memori su tsaya a hannunki, hotunanki da sirrin asusunki ba na mai gyara ba ne.

Ki kuma tambaya yau da sunan wa aka yi wa layinki rajista. In ya ɓata, mai lambar NIN ɗin da ke kansa ne zai je da kansa a dawo da shi.