Kano zuwa Jidda: Awa Nawa Goyo Zai Yi a Cinyarki?

Uwar da ta karɓi tikitin Umara ta ga an rubuta, a misali, tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, sauka a Jidda 4 da rabi na asuba, dole gabanta ya faɗi. Awa shida da rabi da goyo a cinya? Kwantar da hankalinki, uwargida. A tikiti, lokacin tashi na agogon Kano ne, na sauka kuma na agogon Jidda, kuma Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Idan kika cire su, zaman jirgin awa huɗu da rabi ne. Ranar dawowa sai lissafin ya juya, ki ga kamar tafiyar awa biyu da rabi ce, alhali kuwa zaman yana nan yadda yake.

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe, ta sararin Chadi da Sudan, a tsallaka Bahar Maliya. Hanyar da kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa ke nan, wasu su yi shekaru, wasu ma su yada zango a Sudan su zauna har yau jikokinsu na can. Sai dai lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, sai aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Don haka ki tambayi mai sayar miki da tikiti tsawon zaman jirgin kansa, ba lokacin sauka kaɗai ba.

Ki kuma tambaye shi ko jirgin kai tsaye ne. Tikitin da ke biyawa ta Alƙahira ko Addis Ababa wani lokaci ya fi sauƙin kuɗi, amma jiran canjin jirgi na iya cinye rabin yini. A ganina, mai ɗauke da jariri ko mai tsohon ciki, gara ta ƙara kuɗin idan da hali.

Lissafin da ya fi amfani ga uwa shi ne daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. Ana son matafiyi ya isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Ga zaman jirgi, ga layin duba fasfo da jiran kaya a Jidda, sannan ga kusan kilomita 100 a mota zuwa Makka. Kafin ki kwantar da yaro a gado, awa 12 ta wuce ba ki sani ba. Da wannan za ki auna yawan kunzugu, madara, kayan canji da ɗan abin taɓawa da za ki zuba a jakar hannu. Abin da ya shiga babban akwati, sai kun sauka.

Idan yaron yana shan magani duk bayan awa 8, ƙirga awannin daga shan ƙarshe. Wayarki za ta canja agogo da kanta da zarar kin kunna ta a Jidda, kuma nan ne ake rikicewa a ba shi da wuri. Lokacin tashi da sauka kuwa, ki ba shi nono ya tsotsa, haɗiyar tana rage toshewar kunnen da ke sa su tsala ihu.