Gawayi na kama dalmar da ta narke cikin ruwa, amma ba kowane gawayi ba

Mai koko, mai fura, mai lamurje da mai ruwan leda duk jarinsu guda ne: ruwa. To amma ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ƙarafa da suka narke cikinsa kamar gishiri, irin su dalma da zaiba. Dalma ba ta sauya launin ruwa, ba ta wari. Tana fitowa daga tsofaffin baturan mota, da tsofaffin bututu, da wuraren da ake daka dutsen zinariya. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka rasu sanadin dalmar da ke cikin irin wannan dutse, wadda ƙurarta ta bazu cikin gidaje.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kada dalma ta wuce miligram 0,01 cikin lita guda. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma. Tururi ne ke tashi, ita kuwa tana nan cikin tukunya.

Nan ne gawayi ke da amfani. Masana suna ƙona itace ko ɓawon kwakwa ko ɓawon gyaɗa inda iska ba ta shiga, sannan su bi shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa sama. Wannan aiki yana buɗa ƴan ramuka bila adadin a jikin gawayin, har giram guda yana iya samun faɗin murabba'in mita 1000 a cikinsa. Idan ruwa ya ratsa a hankali, sai ƙarafan su maƙale a bangon ramukan.

Gawayin murhu bai sha wannan gyara ba. Yana iya rage wari, amma ba abin dogaro ba ne wajen dalma. Shi ma gyararren cika yake yi, kamar buhu, kuma idan ya cika sai gubar ta riƙa wucewa. Haka kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Saboda haka, ƴar kasuwa, kafin ki sayi matatar ruwa ki tambayi mai sayarwa: an rubuta a jikinta cewa tana cire dalma? Bayan lita nawa ake sauya gawayin? Ana samun na sauyawa a garin nan? Wadda rijiyarta ke kusa da wurin fasa batura ko wankin zinariya kuwa, gara ta fara da kai ruwan a auna shi, domin yara ƙanana da masu juna biyu ne dalma ta fi yi wa illa.