Dutsen Dala: Wurin Da Ya Kamata Mu Kai Yara Idan An Je Gida Hutu

Kamar yadda aka saba, da zarar an rufe makarantu a nan Doha, zafi kuma ya kai intaha, sai kowa ya shiga ɗaure kaya. Wasu gida suke nufa kai tsaye, wasu kuma sai sun biya ta Turai. Waɗanda suka taɓa ratsa kudancin Faransa sun san tsofaffin ƙauyukan nan da aka gina a kan tsaunuka, irin su Gordes da Eze, inda mutane ke tururuwa daga ko'ina don ganin yadda mutanen da suka zauna. To, abin da nake so in tuna mana shi ne mu ma muna da namu a tsakiyar birnin Kano, wato Dutsen Dala, amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu sunansa kawai suke ji.

Tambayar da yaro zai fara yi ita ce, me ya sa mutum zai bar fili ya hau dutse ya zauna? A Faransa babban dalili shi ne tsoron mahara, domin wanda yake sama shi ke fara hango maƙiyi. A Dala ma akwai wannan dalili, amma an ƙara da wasu biyu. Na farko ruwa, domin rafin Jakara da fadamarsa suna nan kusa. Na biyu kuwa tama. Dala ba irin dutsen da ake fasawa a yi kwalta ba ne, tudu ne na jar marmara mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7 miladiyya. Wannan ya zo daidai da labarin da Abagayawa ke bayarwa, cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya yana neman tama. Inda aka sami ƙarfe an sami fartanya da gatari da mashi, wato an sami noma da tsaro a lokaci guda. Daga nan gari ke kafuwa.

Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa sunan wani mutum ne aka sa wa dutsen, Dala, wanda ya gina gidansa a kai. A cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, wanda ke jagorantar bautar Tsumburbura. Wannan zamanin jahiliyya ne, kuma a matsayin tarihi ya kamata a gaya wa yara shi, don su san inda aka fito, su kuma gode wa Allah da ni'imar Musulunci, wanda ya kafu a fada zamanin Sarki Yaji da zuwan Wangarawa a ƙarni na 14. A lissafin littafin, Bagauda ya fara sarauta a shekarar 999, jikansa Gijimasu kuma (1095 zuwa 1134) shi ya fara ginin ganuwa.

A matsayina na injiniya, abin da ya fi burge ni shi ne tsarin ganuwar. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da ruwa da duwatsun biyu, Dala da Goron Dutse. Ke nan ko an yi wa birni ƙawanya, mutane za su ci gaba da noma a ciki, masu tsaro kuma suna sama suna hange. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Duk wannan ana iya nuna wa yaro da yatsa daga saman Dala. Daga nan ne ma Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya zana hoton birnin a 1851.

Ga mai niyyar zuwa, hutunmu yana faɗawa cikin damina, kuma hakan ya fi, domin sararin sama garau yake, ba kamar lokacin hunturu ba da hazo ke rufe gari. A tafi da sanyin safiya ko bayan la'asar. Akwai matakala har sama, amma a sa wa yara takalmi mai kama ƙasa, a riƙe ƙanana da hannu, kada kuma a hau bayan an ɗauke ruwa nan take saboda santsi. A tuna cewa unguwar mutane ce, a yi sallama, a gaida dattawa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Idan an sauko sai a wuce gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata.

Sai dai akwai abin damuwa. Ƙarfin irin wannan tudu yana a ɓawon samansa ne. Idan ruwan sama da masu haƙar ƙasa suka rarake gindi, sai gefen ya riƙa ɓallewa kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya zube ba ya komawa. Gine-gine sun matse dutsen, ganuwa kuma wurare da yawa sai dai a ce da tana nan. Tun 2007 Najeriya ta sa ganuwar Kano da Dala cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su. Ku dubi Ƙatar da muke zaune. Zubara, garin masu fataucin lu'ulu'u na ƙarni na 18, ta shiga kundin UNESCO a 2013, ana kai 'yan makaranta suna gani. Dala ta girme ta da shekara wajen dubu.

Don haka 'yan'uwa, a cikin kwanakin gaishe-gaishe da bukukuwa, a ware wa yara safiya ɗaya. Yaron da ya hau Dala da ƙafarsa, idan abokansa a makaranta suka tambaye shi daga ina yake, yana da abin faɗa. Wanda kuma ya san darajar abu tun yana ƙarami, shi zai tsaya masa in ya girma.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalam.