Yoyon Tankin Mai a Ƙarƙashin Ƙasa da Haɗarinsa ga Rijiyoyin Maƙwabta

Gidajen mai suna ajiye fetur da dizal da kananzir ne a manyan tankuna da aka binne a ƙasa, kuma tankin ƙarfe da ya daɗe cikin danshi yakan yi tsatsa har ya huje, ko mahaɗin bututun da ke kai mai zuwa famfo ya saki. Da yake ido ba ya kaiwa wurin, mai yakan shekara yana tsiyaya, yana ratsa ƙasa har ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ja, inda yake kwanciya a samansa saboda bai kai ruwa nauyi ba, wani ɓangarensa kuma ya narke ya bi ruwan duk inda ya nufa.

Mafi haɗari cikin abin da ke narkewa shi ne benzin, wato sinadarin da ke cikin fetur wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha, alhali maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. A 1996 birnin Santa Monica na Amurka ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa bayan da MTBE, wani sinadari da ake haɗawa da fetur, ya kwarara cikinsu daga tankunan gidajen mai.

Binciken yoyo yana farawa ne daga littafin ciniki, domin idan aka zura sandar awo aka ga abin da ke cikin tanki ya gaza abin da lissafin saye da sayarwa ya nuna, kuma giɓin yana maimaituwa, to akwai dalilin gwada tankin da bututansa. Daga nan masana kan huda ƙasa a kewayen tankin su ɗebo samfuri daga zurfi daban-daban, su rufe shi ruf a kwalba su sa cikin ƙanƙara, saboda fetur na saurin tashi a iska kafin a isa ɗakin gwaji. Sukan kuma haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido aƙalla guda 3, tunda sai an kwatanta tsayin ruwa a wurare uku ake gane inda yake gangarawa, da gidajen da gurɓatar za ta fara riska.

Wannan batu ya shafi garuruwa irin su Kano da Kaduna, inda katanga ɗaya kan raba gidan mai da gidan zama mai rijiya ko burtsatse. Warin fetur a guga, da maiƙo mai ƙyalli a saman ruwa, alamu ne da ke nuna cewa yoyon ya riga ya yi nisa, kuma tafasa irin wannan ruwa ba ya mayar da shi abin sha. Wajibi ne wanda ya ga haka ya daina sha da girki da ruwan, ya nisanta wuta daga bakin rijiyar, ya sanar da mai unguwa, sannan a kai ƙara hukumar NMDPRA mai ba gidajen mai lasisi a Najeriya domin a tilasta gwada tankin.