Ana Ƙirga Cokalin Sukari, Awannin Barci Fa?

Duk wanda likita ya ce wa yana da ciwon sukari a Wad Madani ko Sennar, in ya dawo gida abin da yake fara yi shi ne rage cokali a shayi. 'Yan'uwa su zo jaje, a hana shi dabino da lemon kwalba, wata ta aiko masa da jiƙon hulba. Daga garin Mai Wurno har ƙauyukanmu na cikin Jazira haka ake yi, amma da wuya ka ji an tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Ni kuwa a ganina tambayar nan ta kai ta shayi nauyi.

Darenmu gajere ne, kuma da dalili. Tun da aka kammala madatsar Sennar a 1925, Hausawan da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar Makka ta ajiye, suka shiga aikin auduga. Tsarin ban ruwa na farko shi ne ruwa ya taru a ƙananan magudanai da dare, a yi ban ruwa da rana. Yanzu kuwa in ruwa ya yi ƙaranci, ko ƙarfe biyun dare ya iso hawasharka, wato gonarka, sai ka tashi. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke hana mutum runtsawa a kan gadon angarib sai dare ya raba, ga sauron bakin ruwa, ga jabana, wato gahawa, bayan isha'i, ga asuba tana jira. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023 ya ƙara wa dare tasa fargabar.

To me ya haɗa wannan da sukari? In ka ci kisra ko tuwo, abincin yakan zama sukari a jini, sinadarin insulin kuma shi ke sa tsoka ta shanye shi. A 1999, a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eve Van Cauter da abokan aikinta suka sa samari 11 masu ƙoshin lafiya kwanciyar awa 4 kacal har dare 6. Saurin da jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da aka bar su suka rama barcin, jiki ya daidaita. A 2004 suka nuna cewa dare 2 ma sun isa: leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya sauka da kashi 18, ghrelin mai tayar da yunwa ya hau da kashi 28. Abin da samarin suka fi marmari kuwa har da kayan zaƙi da masu sitaci.

Kawuna ba ya bukatar a karanta masa wannan. In ya kwana bin ruwa, yakan dawo da laka har gwiwa, tocila a aljihu, ya zauna bakin murhu ya zuba sukari sai ya kwanta fari fat a gindin kofi. Na ce, "Kawu, wannan bai yi yawa ba?" Ya ce, "Ɗan nan, wanda ya kwana cikin laka ba a duba masa kofi." Mai kallo zai ce kwaɗayi ne, alhali jikin da bai huta ba ne ke neman zaƙi, a daidai lokacin da ba zai iya sarrafa shi sosai ba.

Lokacin cin abinci ma da nasa. Jiki na da agogon da ke bin haske da duhu, wanda bincikensa ya sa aka ba masana uku lambar Nobel a 2017. Kwanon da ka ci da hantsi, in ka ci irinsa tsakar dare ya fi ɗaga sukarin jini. Masu raba dare suna ciye-ciye a watan azumi su lura.

Ba wanda zai ce wa manomi ya bar ruwa ya wuce gonarsa. Amma babba na bukatar aƙalla awa 7, kuma akwai dabara. A ɗaura gidan sauro. A sha jabana kafin la'asar, domin bayan kamar awa 5 rabin ƙarfinta na nan a jini. A riƙe ƙailula, ko da ba ta biyan bashin dare duka. Mai minshari yana shaƙewa ya ga likita, mai shan magani kuma kada ya ajiye shi ya ce barci ya isa. Gidan da ke da maza biyu ko uku su yi karɓa-karɓar ruwan dare, a ɗauke wa mai ciwon sukari nasa zagayen.