Awon Hanyar Tseren Gudu: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Jama'a, ku sani cewa ba a karɓar bajintar ɗan tsere sai an tabbatar da tsawon hanyar da ya bi. Tsawon gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Haka aka yi shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921.

A 1981 Alberto Salazar ya ci tseren birnin New York na Amurka cikin awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 13, aka ɗauka ya kafa tarihi. Da aka sake awon hanyar, sai aka tarar ta gaza da kusan mita 150. Nan take bajintar ta faɗi, alhali kuwa ba laifinsa ba ne.

Wilin awo irin na safiyo, wanda ake turawa da hannu, ya isa ga wasannin makaranta. Amma mai tura shi yakan karkace, ya ƙara wa lissafi abin da babu shi a ƙasa. Saboda haka a tseren kan titi keke ake amfani da shi, a ɗaura wa wilinsa na gaba wani ɗan ma'auni mai ƙidaya juyin taya, wanda Alan Jones ya ƙirƙiro a 1971.

Ga yadda ake yi:

1. A auna miƙaƙƙen titi, aƙalla mita 300, da tef ɗin ƙarfe.
2. A tuƙa keken a kansa sau huɗu, don a san ƙidaya nawa ke cikin kilomita guda.
3. A bi hanyar tseren ta mafi gajarta, santimita 30 daga bakin titi a kowace kwana.
4. A ƙara mita 1 a kan kowace kilomita, maganin gazawa.
5. A koma a sake gwada keken, domin zafin rana yana sauya girman taya.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin wasanni, kada ku dogara da ma'aunin tafiyar mota. Kafin ku sa ranar tsere, ku tuntuɓi Hukumar Wasannin Guje-guje ta Nijeriya domin a samo ƙwararren mai awo. Gumin matasanmu amana ne, kada a bari ya tafi a banza.