Ketamin, Tsakanin Ɗakin Tiyata da Hannun Mashaya

Daga cikin magungunan da masana ilmin haɗa sinadarai suka ƙaga da hannunsu a ƙarnin da ya shige, akwai wani jinsi da ke jirkita wa mutum ji da gani, har ya riƙa ganin abin da babu shi, ko ya ji kamar ruhinsa ya fice daga gangar jikinsa ya koma gefe yana kallonta. Mafi shahara a cikinsu shi ne LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1938, kuma shi duniya ta daɗe da yanke masa hukunci, domin yarjejeniyar Biyana ta 1971 ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tsananta haninsu. Amma akwai wani wanda ya yi kama da shi ta wajen ruɗa hankali, ko da yake asalinsu da hanyar aikinsu sun sha bamban, wanda har yau hukumomin duniya ba su daidaita a kansa ba, kuma shi ne ya shafe mu nan Gider da Figil da Mayo-Ulo a arewacin Kamaru fiye da yadda galibinmu ke zato, saboda da wuya a sami ƙaramin asibiti a Afirka da ake yin fiɗa a cikinsa ba tare da an ajiye shi a kabad ba. Sunansa ketamin.

Asalinsa yana komawa ga wani kamfanin magunguna mai suna Parke-Davis da ke Detroit ta Amurka, inda a 1956 aka haɗa wani maganin sa barci da ake kira PCP. Ya kashe zafi ƙwarai, sai dai waɗanda aka yi wa aiki da shi sukan farka cikin gigita da hauka na sa'o'i masu yawa, har likitoci suka ga illarsa ta rinjayi fa'idarsa. Sai kamfanin ya shiga neman wani daga dangin wannan sinadari wanda zai fi shi sauƙin hali da saurin sakin mutum, kuma a 1962 wani malamin jami'a, Calvin Stevens, ya dace da shi. A 1964 likitoci biyu, Edward Domino da Guenter Corssen, suka fara jarraba shi a jikin ɗan Adam, a kan fursunonin kurkukun Jackson da ke jihar Michigan, waɗanda aka ce sun yarda da son ransu, ko da yake yardar wanda ke tsare abar dubawa ce. A 1970 hukumar magunguna ta Amurka ta halatta shi, ya tafi fagen yaƙin Biyetnam inda aka yi ta ɗinke sojoji da shi, daga nan kuma ya bazu cikin duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi jerin magungunan da kowace ƙasa ba ta da makawa sai da su a 1985.

Yadda yake aiki kuwa, sai da aka shekara fiye da goma ana amfani da shi kafin David Lodge da abokan bincikensa a Landan su bayyana shi a farkon shekarun 1980. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna miƙa wa juna saƙo ne ta hanyar wasu sinadarai, mafi yawan aiki a cikinsu shi ne gulutamet, wanda ke buɗe wata 'yar kafa a jikin jijiya da masana ke kira NMDA. Shi ketamin cikin wannan kafa yake shiga ya toshe ta. Misalinsa kamar manzo ne ya taso daga ƙauye da labarin gobara, ya iso zauren fada lafiya, sai ya tarar an rufe ƙofar da ke tsakanin zaure da turakar sarki: labari ya iso gida, sarki kuma yana nan a farke, amma bai ji ba, saboda haka yana zaune yana saƙe-saƙensa. Wannan rabuwa tsakanin jiki da sani ita ce ta bambanta shi da LSD, wanda ke zuga wata kafa dabam ta sinadarin serotonin, ya cika ƙwaƙwalwa da launuka alhali mutum yana jin jikinsa. Idan an yi allurarsa a jijiya, kafin minti ɗaya ya kama mutum, ya riƙe shi kimanin minti goma. Idan a tsoka aka yi, ya fi jinkirin kamawa ya kuma fi daɗewa. Sa'an nan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da sauransa cikin fitsari.

Wanda bai taɓa ganin mai ketamin a kan gadon tiyata ba zai iya tsorata, domin ba ya kama da mai barci. Idanunsa a buɗe suke, ƙwayar idon tana rawa hagu da dama, miyau yana taruwa a bakinsa, wani lokaci ya motsa hannu ko ya yi gunaguni, alhali wuƙa tana cikin namansa bai sani ba. Amma abin da ma'aikacin sa barci ke dubawa shi ne ƙirjin majiyyacin, wanda ke hawa yana sauka da kansa. Nan darajar maganin take. Galibin magungunan sa barci suna danne numfashi, suna kuma saukar da bugun jini, saboda haka ba a ba da su sai da injin hura iska, da tukunyar iskar shaƙa, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ƙwararren da ya iya zura bututu a maƙogwaro. Ketamin kuwa, idan an ba da shi bisa ƙa'ida, yakan bar mutum yana numfashi da kansa, ya kuma ɗaga bugun zuciya da ƙarfin jini, abin da ake bukata ainun ga wanda jininsa ya zuba. 'Yar kwalbarsa ba ta fi tsawon yatsa ba, ba ta neman firji, kuɗinta kuma kaɗan ne.

To, a tuna cewa daga Gider zuwa Garwa tafiyar kimanin kilomita 100 ce, kuma akwai ƙauyukan duwatsu a cikin yankinmu na Mayo-Luti waɗanda isowa Gider ɗin ma da damina jan aiki ne. Matar da naƙuda ta yi wa gardama tsakar dare jini yana zuba, da ɗan babur ɗin da ya karye a hanyar Figil, da yaron da ya faɗa wuta ake so a wanke masa ƙuna, ba kowannensu ne zai iya jiran a kai shi babban asibiti ba. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata da sa barci mai aminci a kan kuɗin da za su iya biya, kuma mu muna cikin wannan lissafi. Ba wai maganin ba shi da haɗari a asibiti ba ne: ana gudunsa ga mai hawan jini da mai cikin da ake tsoron jijjiga ta kama ta, yakan kuma shaƙe maƙogwaro jifa-jifa, shi ya sa ake haɗa shi da aturofin don rage miyau, kuma ba a ɗauke ido daga kan majiyyaci.

Wahalarsa ga dangi takan zo ne lokacin farkawa. Mutum yakan dawo hayyacinsa a hankali ta cikin mafarkai masu ƙarfi, wani ya yi ta dariya, wani kuka, wani ya riƙa kiran sunan iyayensa da suka rasu, ko ya ce yana shawagi a sama, kuma manya sun fi yara fama da wannan. Sai ka ga 'yan jinya sun firgita, wata tana cewa iska ce ta shige shi, wani yana girgiza shi yana kiran sunansa da ƙarfi, alhali hayaniya da taɓe-taɓe ƙara masa ruɗu suke yi. Abin da ya kamata shi ne a rage haske da surutu, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi ruwa sai ma'aikaci ya yi izini, mai addu'a kuma ya yi ta a hankali. Likitoci kan haɗa da diyazefam don sassauta wannan hali, wanda bisa al'ada yakan wuce cikin sa'o'i kaɗan.

Waɗannan mafarkai da majiyyaci ke neman tsari da su, su ne mashaya ke saye da kuɗinsu. Tun daga shekarun 1990 ya shiga gidajen rawa na Turai da Amurka, daga baya ya mamaye matasan Hong Kong da kudancin Sin, suna shaƙar garinsa. Mai shan kaɗan yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi. Mai zurfafawa yakan faɗa wani hali da ba ya iya motsi ko magana, kuma da yake ba ya jin zafi, yana iya ƙonewa ko karyewa ko nutsewa a ruwa bai sani ba. Idan kuwa ya haɗa da giya ko ƙwayar barci, numfashin da maganin ya saba bari sai ya tsaya. Ketamin ne ya yi ajalin Matthew Perry, ɗan wasan talbijin na Amurka, wanda ya mutu cikin kwamin wanka a gidansa ran 28 ga Oktoba 2023, kuma likitoci biyu suna cikin waɗanda suka amsa laifin samar da maganin. Ga wanda ya lizimce shi kuwa, jiki yakan saba har sai ya riƙa ƙara yawa, mantuwa ta kama shi, sa'an nan, kamar yadda likitocin Kanada da Hong Kong suka bayyana a 2007, mafitsara ta yi gyambo ta ƙanƙance, saurayi ya koma yana fitsarin jini kowane 'yan mintoci, har wasu sai an cire musu mafitsarar ɗungum. Gaskiya ne an gano yana ɗage matsanancin baƙin ciki, har Amurka ta halatta wani reshensa mai suna esketamin a 2019, amma a asibiti ake ba da shi, likita yana tsaye.

Abin sha'awa shi ne fuƙaha'unmu na Malikiyya sun riga sun shimfiɗa ma'aunin wannan mas'ala ƙarnuka bakwai kafin a haɗa maganin. Shihabuddini Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 684 bayan Hijira, ya kasa masu gusar da hankali kashi uku a littafinsa Alfuruƙ: muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, kamar giya, mufsid, mai ruɗa hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da murƙid, mai ɗauke hankali da ji da gani baki ɗaya. Na farkon ne kaɗai ke da haddi da najasa, sauran biyun kuwa haramun ne a sha abin da zai taɓa hankali daga gare su don wasa, kuma mai yi ya cancanci ladabtarwa. Amma Ibn Farhun da waɗanda suka biyo bayansa sun halatta shayar da murƙid don yanke gaɓa da makamancinsa, bisa hujjar cewa cutar barin gaɓar ta fi cutar maganin. A nawa ganin ketamin yana shiga babi biyu gwargwadon hannun da ke riƙe da shi da kuma niyya, kuma wannan rarrabewa ta fi hankalin wasu dokokin zamani, waɗanda ke son su yi wa kwalba hukunci ɗaya ko a hannun wa take.

Ta wajen doka, kowace ƙasa da nata. Amurka ta sa shi a sahu na uku na abubuwan da ake sa wa ido a 1999, Ingila ta hana mallakarsa ba da izini ba a 2006 ta kuma tsananta a 2014. A Kamaru, doka mai lamba 97/019 ta 7 ga Agusta 1997 ita ke tafiyar da sha'anin miyagun ƙwayoyi, tana bin sawun yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 da 1988, kuma ketamin ba ya cikin jerin ko ɗaya daga yarjejeniyoyin nan uku. Ƙasar Sin, wadda ta ga bala'insa a kan 'ya'yanta, ta nemi a shigar da shi, da farko a sahun LSD, daga baya ta sassauto zuwa sahu na huɗu. Amma a zaman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da aka yi a Biyana a Maris 2015, bayan ƙungiyoyin likitocin sa barci na duniya sun yi ca, aka ɗage maganar, kuma masanan Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda suka duba shi a 2006 da 2012 da 2014, suka sake ba da shawara a ƙarshen 2015 cewa kada a sa shi. Hujjarsu ita ce abin da ya faru da maganin kashe zafi mai suna mofin: da zarar magani ya shiga wannan jeri, sai takardun izinin shigowa da ƙididdiga da tsoron ma'aikata su taru su hana shi isa ƙauye, har wani binciken Lancet na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magungunan kashe zafi.

Sai dai mutumin arewacin Kamaru yana da ikon ya yi tambaya mai nauyi, domin da irin wannan hujja aka bar tiramol ba takunkumin duniya, ga shi kuwa mun ga abin da ya yi mana. Shi ma a 1962 aka haɗa shi, a Jamus, kuma likita yana rubuta miligiram 50 ko 100, amma abin da ya cika kasuwanninmu mai 200 ne da 225, 'yan babur da ma'aikatan gonar auduga suna jefa shi cikin shayi, wasu suna faɗuwa da farfaɗiya a kan hanya. Har abin ya kai a 2013 wasu masana suka yi shelar sun sami tiramol a saiwar tafashiya ta ƙasar nan suna zaton itacen ne ke yinsa, sai a 2014 masanan jami'ar Dortmund suka kawo hujjar cewa daga fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa. Ban raina wannan tambaya ba, amma ina ganin al'amuran biyu sun bambanta: tiramol ɗin da ya ɓata mu ta ɓarauniyar hanya ya shigo, cikin manyan akwatunan jirgin ruwa, kuma ko bayan Indiya ta ƙara masa tsaro a 2018 'yan fataucin sai suka koma wata ƙwayar mai kama da shi. Ketamin na halal kuwa hanyarsa ƙunci gare ta, daga ma'ajiyar magunguna ta ƙasa zuwa kabad ɗin ɗakin tiyata, kuma littafin da ake rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka yi wa aiki da ita, da makulli a hannun mutum ɗaya da za a tambaya, sun isa su tsare ta. Inda nake ganin ya kamata mahukuntan lafiya da na dabbobi su fi sa ido shi ne wata ƙofar, domin likitocin dabbobi ma suna sa dawaki da karnuka barci da shi, mu kuwa ƙasar kiwo ce da ke maƙwabtaka da Mubi ta Nijeriya, inda maganin dabbobi ke zube a kan tebur ranar kasuwa, kowa ya miƙa kuɗi a ba shi ba tambaya.